Ɗakin Mutum Biyu a Doringbaai

Washiela tana soya samosar guzuri a kicin ɗin gidansu na unguwar Athlone, ruwan watan Yuli, wanda a ƙasarsu tsakiyar sanyi ne, yana ta dukan kwanon rufi, sai surukarta Mamie Gouwa ta shigo ta ɗaga murfin roba ta leƙa.

"Wannan 'yar samosar ce za ta ishi mutum huɗu?"

"Mu biyu ne ai, Mamie."

"Au, Sedick bai gaya miki ba? Ni da Galiema za mu bi ku. Ƙara kwaɓi, kuma ki rage barkono, kin san cikina."

Washiela ta ce to. Ta sauke kasko, ta wanke hannu, ta nufi ɗakinsu na baya inda mijinta yake tsugune yana goge takalmin da ba ya buƙatar gugar. Yana ganin fuskarta ya san labari ya iso.

Sedick ba mugu ba ne. Irin mazan nan ne da ba su taɓa ce wa uwa a'a ba, har suka manta yadda ake faɗinta. Tun da aka yi aurensu suke zaune a gidan Mamie, tare da yayarsa Galiema wadda aurenta ya mutu ta dawo da kayanta da bakinta. Bangon ɗakinsu allo ne, ko tari Washiela ta yi sai an tambaye ta da safe ko mura ce. A farkon shekarar nan cikinta ya zube bayan ya yi nisa, har an san namiji ne. Ranar da aka sallamo ta daga asibiti Mamie ta tsaya a tsakiyar falo ta ce Allah ne ya bayar, shi ya karɓa, kada ta ƙara jin an tayar da maganar a gidanta. Sedick ya bi umarni kamar yadda ya saba. Watanni suka wuce, miji da mata ba su taɓa zama sun yi zancen ɗansu ba.

Shi ya sa da Washiela ta ga tallan wani ƙaramin masauki a garin masunta na Doringbaai a wayarta, wanda yake karya farashi lokacin sanyi, ɗaki mai murhun jin ɗumi yana kallon tashar jiragen kamun kifi, ta kama shi da kanta. Ba teku take son gani ba. Ƙofa take so wadda za ta rufe babu kunne a bayanta.

"Wallahi ban gayyace su ba," in ji Sedick ƙasa-ƙasa. "Na ce mata za mu yi wikend a can, sai ta ce ita ma ta daɗe ba ta sha iskar teku ba. Me zan ce mata?"

"Ka ce mata da matarka za ka."

"Washiela, uwata ce fa."

"Na sani, kuma ba zan yi mata rashin kunya ba. Amma saurara, sau ɗaya zan faɗa. Gidan babana a Malmesbury yana kan hanyar dawowa. In muka juyo ban samu mijina ni kaɗai na yi kukan ɗana ba, a can za ka sauke ni."

Ya buɗe baki, sai muryar Galiema ta ratso allon.

"Sedick, ka sa babbar kular nan a but ɗin mota, Mamie ta ce."

Da la'asar suka isa. Masaukin tsohon gida ne fari mai ɗakuna kaɗan, iska tana kaɗa allon sunansa, warin ciyawar teku ya cika ko'ina. Mai gidan, Antie Dolfina, tsohuwa ce gajera mai hular saƙa, ta ƙirga su da ido tun daga baranda.

"Mutum biyu aka ce mini."

"Mun ƙaru a hanya," in ji Galiema.

"To, ɗakin murhu ɗaya ne gare ni. Sauran an kama su, sai ƙaramin na baya, saman rumbun komar kifi. Babu murhu, gora ce ta ruwan zafi ta ɗumama gado."

Mamie ta dafa gwiwa ta yi wani nishi. Sanyi, in ji ta, ya shige mata ƙashi tun da suka wuce garin Piketberg a hanya. Kowa ya juyo yana jiran Sedick, shi kuma yana karanta silin. Washiela ce ta ce Mamie ta ɗauki ɗakin murhun.

"Allah ya yi miki albarka. To mu mata mu kwana tare, gadon babba ne, a sa wa Galiema katifa. Sedick namiji ne, sanyi ba ya kashe shi."

Antie Dolfina ta dubi Washiela, ta dubi Sedick, ta miƙa makullai. Haka amaryar hutu ta kwana tana matsa wa surukarta ƙafa da man zafi, wuta tana ci a murhu yadda aka yi alkawari a talla.

Washegari kifin snoek, wani dogon kifin teku mai zuwa lokaci-lokaci, ya shigo. A garin masunta wannan ba ƙaramin abu ba ne, kafin azahar kowa ya gangara tasha, har kare. Mamie ta yi kuskuren gaya wa ƙanwarta a waya, kafin a ce me dangi kaf sun ji. Kawu yana so, maƙwabciya tana so, matar liman ta ce ko ɗaya ne a taimaka. Sedick ya yi ta jigila daga tasha zuwa bayan masauki, inda Antie Dolfina ta ara musu teburi. Shi snoek ba ya jira. In ba a tsaga shi an buɗe an zuba gishiri da wuri ba, namansa ya saki ya zama na kyanwa. Mamie ta zauna a kujera cikin bargo tana ba da umarni, Galiema tana ɗaukar bidiyo tana tura wa dangi, Washiela tana tsaga tana gishiri har yatsunta suka daina jin komai.

Sedick ya raɓo kusa da ita da wani kifin.

"Da mun gama wannan mu fita mu biyu, na yi miki alkawari."

"To."

"Kina fushi?"

"A'a. Miƙo gishirin."

Ba su gama ba sai da ruwa ya sake saukowa. Aka ci miyar kifi a gaban murhun falo tare da sauran baƙi, duk biyu-biyu, wasu sun haɗa kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Wata baƙuwa ta tambayi Washiela ko hutun iyali suka zo. Galiema ta riga ta amsawa, ta ce ai su gidansu ba a raba tafiya.

Ana gobe za su koma, gari ya waye tas. Antie Dolfina tana zuba kofi ta ce manyan kifayen nan irin na Annabi Yunusa sun shigo gaɓa, ana hango su daga kan katangar tasha. Ta faɗa tana kallon Sedick, ta ƙara da cewa hanyar tana da santsi, ba ta tsofaffi ba ce. Sedick ya miƙe ya ɗauko wa matarsa mayafi. Mamie ma ta miƙe.

"Dama akwai saura kifi biyu na gida da ba mu saya ba. Mu je gaba ɗaya."

Suka tarar da mutane a kan katangar. Sedick ya sayi snoek biyu manya, ya riƙe ɗaya a kowane hannu ta jela. Can cikin ruwa wani baƙin doro ya taso kamar rufin mota, ya fesa ruwa sama ya nutse. Da ya sake tasowa sai ga ƙarami a gefensa, manne da shi, duk inda uwar ta juya ya juya. Washiela ta tsaya tana kallo, hannayenta cikin mayafi.

"Ku duba don Allah," in ji Galiema, wayarta a sama. "Ikon Allah. Kifi ma ya iya riƙe ɗansa a ciki har ya haife shi."

Ko ta yi nufi ko bakin ne ya zame mata, Galiema kaɗai ta sani. Washiela ta juya wa tekun baya. Ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar katangar, ta kifa kai a gwiwa, kukan da ta riƙe tun daga asibiti ya ɓalle mata a gaban masunta da baƙi. Ba kuka ne mai kyan gani ba, har da shessheƙa da majina.

"Tashi mana, mutane suna kallonmu," in ji Galiema.

"Sedick," in ji Mamie, "kai kifin nan cikin ƙanƙara kafin rana ta taɓa shi. Mu za mu taho da ita."

Sedick ya yi taku biyu, don ƙafafunsa sun saba. Sai ya tsaya. Ya dubi kifayen da ke hannunsa, ya dubi bayan matarsa da kuka ke jijjigawa, kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa ji ba.

"Tietie," ya ce da yayarsa, "ɗana kika taɓa. Ki ba matata haƙuri."

"Ni? Daga magana?"

"Ki ba ta haƙuri."

"Sedick, kifin zai lalace," in ji Mamie.

"Ya lalace, Mamie."

Ya sunkuya ya ajiye su a ƙasa. Ya zo gaban uwarsa ya rage tsawo, bai ɗaga murya ba.

"Ki gafarce ni. Ban taɓa ƙin umarninki ba, kuma gobe duk abin da kika ce zan yi. Amma yaron nan nawa ne ni ma, kuma tun da ya tafi ban zauna da uwarsa ba. Ku koma masauki. Zan zauna da matata."

Ya zauna a jiƙaƙƙiyar katangar ya jawo ta jikinsa, da ƙarnin kifin da komai. Tsuntsayen teku suka sauko wa snoek ɗin, Galiema tana kora suna dawowa. Mamie ta daɗe a tsaye. Daga baya ta kama hannun 'yarta ta ce su tafi.

Sai bayan azahar suka hauro. A bakin matakala suka ci karo da Galiema tana jan akwatin Mamie zuwa ɗakin baya, fuska a murtuke. Ta ce wa Washiela ta yi haƙuri, idonta yana kan bango, ta wuce. Mamie tana zaune a bakin gadon ɗakin murhu da carbi a hannu. Ta ce Sedick ya jira a waje.

"Zauna, 'yata." Ba ta taɓa kiranta haka ba. "Kafin Galiema na yi wata haihuwar. Mace ce, ba ta zo da rai ba. Uwar mijina ta ce in wanke fuska, baƙi suna zuwa cin abinci. Na wanke, na dafa. Mijina har ya rasu bai tambaye ni yadda na ji ba, ni kuma na ɗauka haka ake yi, na ɗauka shirun shi ne magani. Ɗazu da na ga Sedick ya ajiye kifin nan, haushi na fara ji. Muna cikin tafiya sai na gane kishi ne. Ni ba wanda ya ajiye komai saboda ni."

Washiela ta durƙusa ta kama hannunta. Mamie ta bari na ɗan lokaci, sannan ta zare ta share ido da gefen mayafi, ta ce a kai mata gorar ruwan zafi biyu don ba za ta mutu a saman koma saboda soyayyar wasu ba.

Antie Dolfina ta kawo itace ta ƙara a murhu, ta ja musu ƙofa da kanta. Ruwa ya fara yayyafi a kan gilashin taga, jiragen suna ta rangaji a ɗaure. Suka zauna a ƙasa kusa da wuta.

"Kin sa masa suna?" in ji Sedick. "A ranki, nake nufi."

"Na sa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya fara motsi. Na yi ta jira ka tambaya."

"Gaya mini."

"Nizaam."

Ya maimaita sunan a hankali, ya sake maimaitawa, kamar mai koyon sabuwar sura. A na uku muryarsa ta karye. Wannan karon ita ce ta riƙe shi, ya yi kuka da ƙarfi ba tare da ya toshe baki ba, babu kuma wanda ya ƙwanƙwasa.

Washiela ba ta zagi kowa ba a tafiyar nan, ba ta hana tsohuwa wuta ba, ba ta kuma yi ƙaryar cewa lafiya lau take ba. Ta faɗi abin da ke ranta sau ɗaya, ta riƙe ladabinta, ta jira, kuma Allah bai bar jiran ya tafi a banza ba. Biyayya ga uwa wajibi ce, babu mai musun wannan. Amma duk namijin da ya ɗauko 'yar mutane ya sani akwai ranar da kukanta ya fi kowane aike gaggawa, in kuwa ya wuce ta ya tafi kai saƙo, ba lallai ya dawo ya same ta a inda ya bar ta ba.