Ranar da Auta Ta Ɗaure Jirgi

Auta 'yar firamare ce. Gidansu yana kusa da bakin kogi. Babanta ya rasu tun tana ƙarama. Bai bar musu gona ba, bai bar shago ba. Jirgin ruwa ya bari, na katako, mai shuɗin fenti.

Da jirgin nan Inna take ƙetarar da mutane da kayansu. Da shi suke ci, da shi suke sha. Inna ba ta wasa da shi ko kaɗan. In fasinja ya faɗo ciki da ƙarfi, sai ta ce, "Malam, a hankali. Jirgin mijina ne, ba buhun gawayi ba."

Wata Asabar suka gama aikin safe. Inna ta miƙa wa Auta sarƙa da kwaɗo.

"Zan je wurin masassaƙi kan katakon nan da ya tsage," in ji ta. "Mutumin nan tsada gare shi, za mu daɗe muna ja. Ki ɗaure jirgi. Kin san yadda nake yi?"

"Na sani, Inna. In zura sarƙa a zoben ƙarfen goshin jirgi, in zagaya bishiya, in datse kwaɗo."

"Sai kuma me?"

"In kwashe filafilin tuƙi in kai gida."

"Yawwa, 'yar albarka."

Inna ta tafi. Auta ta dubi zoben ƙarfen. Ruwa ya ja baya, tsakaninta da zoben duk taɓo ne, baƙi ƙirin. Ta dubi ƙafarta. Sabon takalmi ne fari, ko sati bai yi ba.

Akwai igiya a goshin jirgin, bakinta yana kwance a kan busasshiyar ƙasa. Auta ta ce a ranta, "Ai duk ɗaya ne." Ta zura sarƙar cikin ƙullin igiyar, ta zagaya bishiya, ta datse kwaɗo, ƙat! Filafili kuwa yana can cikin jirgi. Ta ce, "Anjima na ɗauka." Ta ruga wasa wurin ƙawayenta.

Da la'asar suka dawo bakin kogi tare da Inna. Ga bishiya. Ga sarƙa. Ga kwaɗo a kulle. Amma babu jirgi. Guntuwar igiya kawai ke lilo a jikin sarƙar, an yanke ta da wuƙa.

Inna ta ɗauki guntuwar igiyar. Ta daɗe tana kallonta.

"Inna, ni ce," in ji Auta, hawaye yana zuba. "Ban sa sarƙa a zobe ba. Na ji tsoron taɓo. Filafilin ma a ciki na bar shi."

"Na gani," in ji Inna. "Share hawayenki. Kuka ba ya jawo jirgi. Ruga ki kira Kawunki."

Kawu masunci ne, yana da jirgi mai inji. Ya zo yana saɓa riga. Ya dubi kwaɗon, ya girgiza kai.

"Kai, Auta! Bishiyar dai kam kin tsare ta. Ba mai sace ta yau."

"Yaya, ba lokacin wasa ba ne," in ji Inna. "Tayar da inji."

Suka bi ruwa ƙasa. Duk masuncin da suka gani, sai Inna ta ɗaga murya. "Bawan Allah, ka ga shuɗin jirgi?" Wani ya ce a'a. Wani ya ce ya ga wani baƙon mutum yana tuƙi kamar mai dama kunu, jirgin sai juyi yake yi.

Auta ta zauna a gaba, ta zuba ido. Wuyanta har ya gaji. Can sai ta miƙe tsaye.

"Ga shi can! Inna, ga shi can bayan ciyawa!"

Jirgin ne. Ya kafe a kan tudun yashi. Ɓarawon bai san kogin ba. Da ya kasa ture shi, sai ya gudu. Amma ya tafi da filafilin.

Inna ta sauka cikin ruwa har gwiwa. Ta shafa gefen jirgin kamar mai shafa kan jariri. "Ka ga wahala yau," ta ce masa a hankali.

Auta ta ce, "Inna, filafilin Baba ne fa. Shi ya sassaƙa shi."

"Shi ne. Ya tafi, ba zai dawo ba. Wannan kuwa zai daɗe yana yi mana ciwo, ni da ke."

Suka jawo jirgin zuwa gida. Da suka iso, Inna ta buɗe kwaɗon. Auta ba ta jira an ce mata komai ba. Ta shiga taɓo tsamo-tsamo. Ta zura sarƙa a zoben ƙarfe, ta ja, ta sake ja, sannan ta datse kwaɗo.

Inna ta jawo ta jikinta, da taɓon da komai.

"Saurara, Autata. Ɓarawo ba ya kokawa da kwaɗo. Wurin da aka yi ganda yake nema. In an ba ki aiki, ki yi shi har ƙarshe, ko da za ki ɓata jikinki."

"Na ji, Inna. Ba zan ƙara ba."

Kawu ya ce, "To gobe wa zai ɗaure?"

Inna ta harare shi. "Wa kuwa? 'Yata mana. Yanzu duk bakin kogin nan ba wanda ya fi ta sanin aikin."

Ta ciro makulli, ta sa masa zare, ta rataya wa Auta a wuya.