Fankar da Babagana Ya Sayo Wurin 'Yan Gwangwan

La'asar ta yi sanyi a garin Roni, hadarin da ya wuni yana kai-komo ya koma bayan duwatsu, Babagana kuwa yana kwance rigingine cikin motarsa, kansa a ƙarƙashin dashbod, ƙafafunsa a waje. Malamin firamare ne, mai son gyara kayansa da hannunsa. Tun farkon damina fankar hitar motar, mai busa iska mai ɗumi kan gilashi, ta mutu. Da zarar ruwa ya sauko sai gilashi ya rufe da tururi, har wata rana saura ƙiris ya afka wa garken shanu a hanyar Kazaure. Shi ya sa ya je wurin 'yan gwangwan ya sayo wata, wadda suka ce sun ciro ta daga wata mota da ta yi shekara da shekaru a yashe a gindin dutse, kan hanyar Gwiwa.

Ya kwance sukurori, ya zare waya, ya fito da tsohuwar. Da ya ɗauki wadda ya sayo sai ya ji ta da ɗumi, alhali ranar ba a yi rana ba. Tsakanin fukafukanta akwai wani abu kamar sheƙa, gashi da ciyawa an saƙa su tsaf. Ya sa sukudireba ya tsokale shi, ya wanke wurin da fetur.

Mahaifiyarsa, Hajja Kaka, ta leƙo daga zaure ta ce, "Babagana, magariba ta kawo jiki. Ka bar ƙarfen nan sai gobe."

"Yanzu zan gama, Hajja."

Ya ɗaura fankar, ya jona waya, ya murza makulli. Ta tashi da ƙarfi. A cikin ƙugin nata ya ji wata 'yar ƙara siririya, kamar ta jinjiri, ta fito ta yanke. Ya ce a ransa ɓera ne. Ya kashe mota, ya tafi masallaci.

Da ya dawo, gidan shiru, ko kaji ba sa motsi. Matarsa Zulaikha na tsaye a bakin madafa, hannunta a ƙirji. Fankar tana juyawa, makulli kuma yana aljihunsa. Ya buɗe gaban mota ya cire kan batir. Ba ta tsaya ba. Iska mai zafi tana fitowa ta tagogin motar, tana ɗauke da warin ƙonannen gashi.

Sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo shi, wani ya biyo wancan, daga sama tsaye, ba daga wajen katanga ba. Wanda ya gangaro tsakar gida, da Zulaikha ta taɓa shi sai ta janye hannu, don zafi ne da shi kamar daga murhu.

'Yarsu Bahijja, budurwa 'yar sakandare, ta fito da kwanon tuwo. A tsakiyar gida ta tsaya cak. Kwanon ya suɓuce. Ta zauna a ƙasa a hankali, ta juya fuskarta ga motar, ta fara huci, dogo, ba yankewa, daidai da ƙugin fankar.

"Bahijja," in ji Zulaikha. "Bahijja, ni ce Ummanki."

Yarinyar ba ta ko ƙifta ido ba.

Haka ta kwana, haka ta wuni, ba ci ba sha. Da rana fankar ta yi shiru, numfashinta ma ya yi ƙasa har sai an kara kunne. Hajja Kaka ba ta yi wa ɗanta faɗa ba, cewa kawai ta yi ya hau babur ya ɗauko Malam Muhammadu Lawal na Gwiwa, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu.

Sun iso rana na faɗuwa. Malam dattijo ne siriri, ba ya gaggawa. Ya saurari labarin duka, ya yi alwala, ya zauna kan buzu nesa kaɗan da yarinyar, ya fara karatu. Yana farawa fankar ta tashi a waje. Duwatsu suka dawo kan kwano. Bai ɗaga kai ba, bai ƙara murya ba, har Bahijja ta sandare, bakinta ya buɗe, wata muryar tsohuwa mai kaushi ta fito.

"Ka daina, kana ƙona ni."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai gida ce. Tun ranar da motar can ta kife muke cikinta, ba mu taɓa kowa ba. Aka ɓalle ɗakina aka sayar. Wannan ya watsar da shimfiɗar jikana, ya zuba mana wuta, ya juya mu. Ƙafar yaron ta karye."

Babagana ya durƙusa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Wallahi ban sani ba."

"Ka ji kukansa," in ji muryar. "Ka ji, ka tafi abinka."

Ya sunkuyar da kai.

"Ya yi kuskure," in ji Malam, "amma yarinyar nan ba ta taɓa ku ba. Me kike nema?"

"Ƙafa a madadin ƙafa. Tata."

Zulaikha ta ƙwalla ƙara, Hajja Kaka ta riƙe ta. Malam ya koma karatu, a hankali, kalma bayan kalma, har muryar ta koma kuka.

"To a yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Ɗakinki dai haƙƙinki ne, za a mayar miki."

 Duwatsun suka tsagaita.

"Hannun da ya ɗaura shi zai kwance," in ji ta. "Yanzu, tana juyawa. In ya ciro, na fita."

Malam ya dubi Babagana. Babagana ya dubi 'yarsa, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ya tashi ya ɗauki sukudireba.

Ƙarƙashin dashbod zafi kamar bakin tanda. Ya yi bismillah, ya laluba sukurori a duhu, yana kwance su ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshe ya fita, fankar ta faɗo kan tafinsa tana juyawa, fukafukan suka ci yatsunsa. Bai saki ba. Ya rungume ta a ƙirji, jini na bin gwiwar hannunsa, yana cewa, "Ku yafe mini, ku yafe mini," har ta rage gudu, ta tsaya.

A cikin gida Bahijja ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi jikin mahaifiyarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Umma, ruwa."

Da gari ya waye, Babagana da Malam suka hau babur, fankar na naɗe cikin farin ƙyalle. Suka sami motar a gindin dutse, ta yi tsatsa, ciyawa ta fito ta tagoginta. Babagana ya yi sallama, ya zura hannunsa mai bandeji, ya ajiye fankar a gurbinta. Suka juya.

Ba su yi nisa ba sai suka ji ta tashi a bayansu, a hankali, cikin motar da ba inji ba batir.

"Kada ka waiwaya," in ji Malam.

Bai waiwaya ba.