Daga Saman Lilo Ta Hango

"Ladan... mene ne wancan a hannun Yaya Saudatu?"

Babban lilon nan mai juyawa kamar ƙafar keke ya tsaya cak da su a can ƙololuwa, ana ɗaukar wasu mutane a ƙasa. Daga nan ana hango inda manyan koguna biyu suka haɗu, da gadar da ta tafi Umdurman, da hasumiyoyin masallatai cikin hasken la'asar. Nuha ba ta kalli ko ɗaya ba. Idonta na kan bencin da ke gindin bishiyar darbejiya, inda ta bar 'yarta mai wata biyar a cinyar yayar mijinta.

"Ina?" in ji Ladan.

"Ga shi can! Ta ciro shi daga jakarta... fida ce, Ladan. Wallahi fida ce!"

Ya leƙa. Matar da ke sanye da atamfa shuɗiya ta girgiza kwalba, ta waiga hagu da dama, sannan ta cusa wa jaririya a baki. Sama ce kawai ba ta tuna ta duba ba.

Nuha ta ji ƙirjinta ya yi tsam. Kafin ta ankara, danshi ya ratso rigarta har ya fito kan farin tob ɗin da ta lulluɓa da shi. Ta dafe wurin da hannu biyu.

"Ka ce su sauke mu."

"Nuhata, ki natsu, yanzu zai..."

"A natse nake. Ka ce su sauke mu."

A hankali ta faɗa, kuma hakan ya fi ihu tayar masa da hankali.

Shekara biyu ke nan da aurensu. Shi ɗalibi ne daga Katsina, ya zo karatu jami'a a Khartoum. Ita 'yar unguwar Umbadda ce, kakanninta Hausawa ne da suka taho aikin Hajji a ƙafa, suka yada zango a Sudan ba su ƙara gaba ba. A teburin shayin mahaifiyarta suka haɗu, ranar da ya ji ta tana yi wa ƙaninta faɗa da wata irin Hausa mai gauraye da Larabci, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Mahaifinta bai so auren ba. Ya ce ɗalibi baƙo ne, ranar da ya gama zai kwashe abin da ya samu ya tafi. Sai da Ladan ya durƙusa a gabansa ya yi alkawarin ba zai taɓa raba Nuha da abin da take so ba.

Da aka haifi yarinya, aka sa mata Mairama, sunan mahaifiyar Ladan, suna kiranta Ummi.

Saudatu ta zo ne bikin kammala karatun ƙaninta, ta sauka a ɗan gidansu na Umdurman. Tun ranar farko ta riƙe baki ganin yadda Nuha ke sumbatar yarinya a gaban mutane.

"Ikon Allah! 'Yar fari ce fa. A wurinmu ko kallon kirki uwa ba ta yi mata a gaban surukai. Ku nan ba a kunya?"

Nuha ta yi murmushi ta bar zancen. Kuma da Saudatu ta fara karɓar Ummi kullum da rana, tana cewa, "Je ki huta, amarya, ki bar min ita," har godiya take yi mata.

Daga nan Ummi ta fara juya wa nono baya. Ta kama, ta saki, ta yi kuka. Makon jiya har gudawa ta yi. Nuha ta sha madida, kunun hulba mai kawo nono, har ta gundure ta, ta yi ta kuka a banɗaki tana tambayar kanta abin da ya sami jikinta. Saudatu kuwa kullum maganarta ɗaya: nonon ya tsinke, ba ya riƙe yarinya.

Lilo ya motsa kaɗan, ya sake tsayawa.

"Ka san da wannan?" Nuha ta tambaya, ba ta dube shi ba.

"Wallahi ban san da fida ba."

"To me ka sani?"

Ta juyo. Ta san wannan fuskar, irin wadda yake yi idan ya haddace magana tun daga gida.

"Ashe shi ya sa ka dage sai mun hau mu biyu. Ka ce ka yi kewar zama da ni... Faɗi, habibi. Ba inda zan gudu a nan."

"Hajiya ba ta da lafiya, kin sani. Kullum a waya takwararta take tambaya." Ya kau da ido. "Yaya ta ce tunda fasfonki bai fito ba, kuma nono ba ya isar Ummi, gara ta wuce da ita ranar Juma'a. Mu same su daga baya."

"Ka amince?"

"Na ce zan yi miki magana."

"Na ce ka amince?"

"Nuha, ina ganin yadda kike wahala... ina ganin yarinyar tana ramewa. Na ɗauka taimako ne."

Ta gyaɗa kai a hankali. Hawaye ya taru, ta hana shi zuba.

"Daga baya ɗin nan yaushe ne? Wata biyu? Shekara? In na je na tarar ba ta san ƙamshina ba fa?"

Lilo ya gangaro da su ƙasa.

Ba ta yi gudu ba. Ta ratsa yara masu alewar auduga da layin masu jiran motocin karo, ta tsaya a gaban bencin. Saudatu ta riga ta mayar da kwalbar jaka, amma ga farar madara a gefen bakin Ummi.

"Har kun sauko? Yanzu ta yi barc..."

"Yaya, ba ni ita."

"Ki bar ta mana, ta samu natsuwa."

"Don Allah, Yaya. Ba ni 'yata."

Ta karɓe ta, ta taɓa ƙeyarta ta ji gumi, ta cire mata hular ulun da Saudatu ta sa mata duk da zafin nan. Sannan ta miƙa hannu.

"Da fidar."

Fuskar Saudatu ta canza. Ta dubi ƙaninta, ta ga ba ceto a wurinsa, ta ciro kwalbar ta dangwarar a benci.

"To, na ba ta! Laifi ne? Yarinya na kukan yunwa in zuba mata ido?"

Nuha ta ɗauki kwalbar, ta ji ta da ɗumi, ta buɗe ta sunsuna.

"Tun yaushe aka haɗa wannan?"

"Tun a gida."

"Tun kafin azahar, cikin jaka, a wannan rana? Da wane ruwa?"

"Ruwan tulu mana. Mu da shi aka raine mu, ga mu nan da ranmu."

"Shi ya sa ta yi gudawa," Nuha ta ce. "Kuma shi ya sa take ƙina. Kina cika mata ciki kafin ta iso wurina. Ungozoma ta gaya min a asibiti, nono in ba a sha ba ja da baya yake yi. Ni ina can ina zargin jikina, Yaya... ina roƙon Allah ya gaya min laifin da na yi!"

"Yaya," Ladan ya ce, "tun yaushe?"

"Kai rufe min baki! Ranar Juma'a in an hau jirgi da me za ta rayu? Dole ta saba. Kuma 'yar fari ta kaka ce, haka muka tashi muka gani. Ni kaina a ɗakin kakarmu na girma."

"Bayan an yaye ki," in ji shi a hankali.

Ummi ta tsala kuka, kiɗan dokunan juyi da ke kusa ya firgita ta. Nuha ta saɓa jakar kayanta, ta juya ta tafi. Ba lokacin gardama ba ne.

Ta san wurin da take nema tun shigowarsu, domin duk inda ta je abin da take fara dubawa ke nan. Can bayan masallacin mata akwai ciyawa da inuwa, nesa da lasifika, iskar kogi na kaɗawa. Ta wanke hannunta a famfon alwala, ta shimfiɗa zane, ta canza wa Ummi famfas, ta goge mata wuya da tsumma mai danshi. Ta rage mata kaya saura 'yar shimi. Ta sha ruwa sosai, ta yi bismilla, ta ja tob ta rufe su biyu.

Ummi ta kama, ta saki. Ta banƙare tana kuka.

"Ma'alesh, ya Ummi, yi haƙuri... ma'alesh, rabin raina. Ni ce. Yumma ce, mamanki."

Ta sake gwadawa. Yarinya ta kau da kai.

Iska ta taso ta yaye gefen tob ɗin. Wasu samari na tahowa ta hanyar, Nuha ta rasa hannun da za ta kama mayafi da shi. Sai ta ga inuwa ta rufe ta. Ladan ne. Ya warware rawanin da ya naɗa don kwalliyar fita, ya buɗe shi da hannu biyu kamar labule, ya juya wa hanya baya.

"Ki yi a hankali," ya ce. "Ina nan."

"Hannunka zai gaji."

"Bari ya gaji."

Ta kwantar da Ummi a ƙirjinta, fata da fata, ba ta tilasta mata ba. Tana shafa bayanta, tana yi mata 'yar waƙar da mahaifiyarta ke yi, rabi Hausa rabi Larabci. Kukan ya koma shessheƙa. Ta matso ɗigo ɗaya ta shafa mata a leɓe.

Ƙaramin bakin ya motsa... ya lalubo... ya kama.

Wannan karon bai saki ba.

Nuha ta rufe ido. Tana jin ƙarar haɗiya, ƙut, ƙut, ƙut, da ɗan hannun da ya damƙe yatsarta. Sai a lokacin hawayen ya sami hanya.

"Tana sha?" Ladan ya tambaya cikin raɗa.

"Tana sha."

"Alhamdu lillahi... Nuha, ki yafe min. Na yi wa Baba alkawari a Umbadda, yau saura ƙiris in karya shi da bakina."

"Da ka tambaye ni tun farko, ya zol, bawan Allah. Ni ce uwarta. Ba a shawarar 'yata a bayana."

"Ba za a sake ba."

"Ko Hajiya ce ta ce?"

"Ni zan yi wa Hajiya bayani. Uwa ce, ta shayar da mu bakwai."

Takun takalmi ya matso. Saudatu ce, ta tsaya daga ɗan nesa, jakarta a hannu. Ta daɗe tana kallon ƙafafun jaririyar da suka leƙo daga ƙarƙashin tob suna motsi don daɗi. Da ta yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Shekara goma sha wani abu ina gidan miji, ko ɓari ban taɓa yi ba. Da na ɗauke ta ranar da na zo, ta riƙe min ɗan kunne..." Ta kasa ƙarasawa. "Na ce in Hajiya ta karɓe ta, ai a hannuna za ta tashi."

Nuha ta dube ta. Fushin na nan, amma ya sami abin da ya danne shi.

"Zauna, Yaya. Ƙasa ba ƙaya."

Saudatu ta zauna a bakin zanen.

"Ummi 'yarki ce," in ji Nuha. "In mun zo Katsina ki goya ta har bayanki ya yi ciwo. Ki yi mata kitso, ki koya mata Hausar da ba za a yi mata dariya ba irin tawa. Amma abincinta a jikina Allah ya ajiye shi. Kada ki sake shiga tsakaninmu."

"Ranar Juma'a ke kaɗai za ki tafi, Yaya," Ladan ya ƙara. "Mu uku za mu zo tare, ranar da fasfon Nuha ya fito. Yau da magariba zan kira Hajiya ta bidiyo ta ga takwararta."

Saudatu ta share ido da bakin gyale. Ta buɗe jaka, ta ciro gwangwanin madarar da ta ɓoye a ƙarƙashin kaya, ta ajiye a gaban Nuha.

Da Ummi ta ƙoshi ta saki da kanta, ta yi lamo, leɓenta na sheƙi. Nuha ta gyara rigarta, ta ɗago ta za ta sa a kafaɗa don ta yi gyatsa.

"Kawo ta," in ji Ladan.

Nuha ta ɗaga gira. Tun zuwan yayarsa bai taɓa ɗaukar yarinyar a gabanta ba, wai kunyar 'yar fari.

"A nan? Gaban Yaya? Gaban mutane?"

"Kawo ta, na ce."

Ya karɓe ta da hannayensa da suka gaji, ya kwantar da ita a kafaɗarsa, yana bubbuga bayanta yadda ya ga Nuha na yi. Ya sumbaci kanta.

"Lallai Sudan ta cinye min ƙani," Saudatu ta ce, tana dariya cikin hawaye.

Ummi ta yi gyatsa mai ƙarfi, ta biyo da tumbuɗi. Farin nono ya gangaro daga kafaɗar sabuwar jallabiyarsa har tsakiyar baya.

"Innalillahi! Jallabiyar bikina!"

Nuha ta miƙa masa tsumma, tana dariyar da ta yi makonni ba ta yi ba.

"Kada ka goge tukuna, habibi," ta ce. "Juya Yaya ta gani. Nonon da aka ce babu ne."