Kwando Ɗaya, Kuskure Biyu

Da safe manhajar da ke tura motocin asibiti ta tsaya cak. Kira biyu suka shigo tare, duka suka ɓace. Ɗaya daga cikin masu kiran, wani tela, ya cika a shagonsa yana jiran mota.

Kamfanin ya ɗora laifin a kan matar da ta rubuta sashen karɓar kira. Wata Sufeton 'yan sanda ta same ta a ɗakin tambayoyi, hannuwa a cinya, ko kuka ba ta yi.

"Yi mini bayani kamar 'yar firamare."

"Ranki ya daɗe, manhajar hannuwa da yawa gare ta, suna aiki lokaci guda. Kowane hannu da kwandon da yake jefa kuskurensa. Kwamfaila, wato abin da ke juya rubutunmu zuwa yaren na'ura, shi ke raba kwandunan. Wani ya kashe rabon don manhajar ta ƙara sauri. Kuskure biyu suka faɗa kwando ɗaya."

"Ke ce?"

"Ba ni da izinin taɓa saitin."

Mutum biyu ke da izinin: mai gwaji da shugaban sashe. Sufeto ba ta yi musu da kowa ba. Ta sa aka kunna manhajar yadda take ranar, ta ce kowa ya nuna mata yadda yake gwaji.

Mai gwaji ya jera wayoyi kan tebur, ya danna su tare. Allon ya daskare.

"Da ni na kashe, Hajiya, ai nan take zan gani."

Aka shigo da shugaban, dattijo mai furfura. Ya ɗauki waya guda, ya kira, ya jira, ya sake kira.

"Kin gani, 'yata? Lafiya lau."

"Haka ka gwada ranar da masu sayen manhajar suka ce ba ta da sauri?"

Ya ajiye wayar.

"Baba, ka koyi aikin nan lokacin da manhaja hannu ɗaya gare ta," in ji Sufeto a hankali. "Mai gwada kira ɗaya bayan ɗaya ne kaɗai zai kashe rabon ya kwana da kwanciyar hankali. Da abin ya ɓaci, ka miƙa mana matar nan."

"Na gwada fa."

"Na sani."

Ta koma ɗakin tambayoyi ta ce wa matar ta tafi gida. Matar ta gyaɗa kai. Ta daɗe a zaune kafin ta fara neman takalminta a ƙarƙashin kujera.