Allon Awon Labule

"Kalli da kyau, Auta. Ban ce ki yarda da bakina ba, idonki ya gaya miki."

Dillali ya ajiye wayarsa a kan yadin da take yankawa, almakashi ya tsaya cak a hannunta.

Kafinta ne a hoton. Kafintanta! Yana tsaye a bakin wata shuɗiyar ƙofa, yana irin dariyar da ta zaci ita kaɗai yake yi wa. A gabansa wata siririyar mace ce ta ba da baya, tana miƙa masa makulli.

"Wace ce?" in ji Auta.

"Ni ina na sani? Wucewa nake na gani, na ce bai kamata a bar ki a duhu ba." Ya koma kujerar masu jira ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Kullum da rana can yake yini."

Auta ba ta son Dillali, wannan kam ko keken ɗinkinta ya sani. Kusan kullum sai ya zo shagon da sunan odar labule na gidajen da yake sa haya, ya zauna ya cika ta da surutu da ƙamshin turare. Sau biyu ya nemi aurenta, sau biyu ta ba shi haƙuri. Amma hoto ai ba ya ƙarya.

Kwana goma ya rage a wa'adin da Baba ya ba Kafinta. Baba ba mugu ba ne, sharaɗi ɗaya ya kafa: a nuna masa ƙofar da 'yarsa za ta shiga, ya ga makullinta a hannu, in ba haka ba a bar maganar. Shekara biyu ana jira, ya ce ya gaji da amsa tambayar mutane.

To ina gidan? Tun da aka buɗe sabbin masana'antu mutane suka yi ta kwararowa garin, ginin kuma bai ƙaru ba. Ɗakin da a da ake roƙon mutum ya shiga, yanzu mutum goma ne ke layi a kansa, kuɗin haya na tashi kamar ana hura masa wuta. Zancen saye kuwa, talaka ya daina ko mafarkinsa. Duk da haka sau huɗu Kafinta yana samo musu wuri, su je su gani tare, ta auna tagogi tana murna. Sau huɗu kuma, kafin a kwana biyu, mai gida ya kira ya ce a yi haƙuri, wani ya ƙara kuɗi.

Daga na huɗun Kafinta ya ɗinke bakinsa. Mako uku ke nan, in ta tambaya sai ya ce, "Ana kai, sanyin idona," ya sako wani zance.

Ashe wannan ne ana kai!

Da ta koma gida Gwaggo ta riga ta ga hoton. Auta ba ta tsaya tambayar wanda ya tura mata ba.

"Na faɗa tun farko, ruwa ba ya tsami banza," in ji Gwaggo tana tafa hannu. "Gida huɗu! Mutum ya samu ya rasa, ya samu ya rasa? Shi ke sakinsu da gangan, 'yar nan, wa'adin yake jira ya cika ya zame. Ga wanda makullan rabin garin ke aljihunsa yana binki, kin tsaya wa mai ƙurar katako."

Baba ya sauke tabaransa. "Ni ban zaɓa wa kowa miji ba. Kwana goma na ce, kuma ban ƙara ko ɗaya ba."

Washegari da rana ta rufe shago ta tsaya nesa da wurin aikin Kafinta. Kunya kamar ta kashe ta, wai ita ce ke laɓe bayan motar mutane. Ya fito da firam ɗin taga a kafaɗa, ta bi shi layi bayan layi har shuɗiyar ƙofar. Ya zaro makulli ya buɗe kamar gidan ubansa.

Ba ta yi sallama ba.

Matakala ta bi zuwa sama, inda take jin bugun guduma. Ɗakuna biyu ne da ɗan falo, bango sabon shafe, ƙasa duk ɓawon katako. Yana kan tsani, ga matar nan ta ba da baya tana riƙe masa kwalin ƙusa.

"Sannunku da aiki!"

Matar ta juyo. Furfura ce fal a goshinta, da tabarau mai kauri. Ta girmi Gwaggo nesa ba kusa ba.

"Auta?" Kafinta ya sauko da sauri. "Wa ya nuna miki nan?"

Bai yi murnar ganinta ba. Tsoro ta gani a fuskarsa, wannan kuwa ya fi hoton ciwo.

"Wannan ce amaryar?" in ji tsohuwar. "Ni ce mai gidan, Malama ake ce min, shekara talatin ina koyarwa. Saman nan tun rasuwar maigidana aka bar shi babu ƙofa babu taga. Dillalai sun yi ta zarya na kore su. Yaron nan ya ce zai ƙarasa da hannunsa, ni kuma in bar ku ku zauna a kan haya mai sauƙi."

Ta sauka ta ba su wuri.

"Gidanmu ne?" Auta ta dubi tagogin. "Gidanmu ne ka ɓoye min? Mako uku ina kwana da kuka!"

"Ba yadda zan yi ne."

"Kamar ya ba yadda za ka yi?"

Ya daɗe yana juya gudumar a hannunsa.

"Gida huɗu, Auta. Ban gaya wa kowa ba, ko mahaifiyata. Ni da ke kawai. Na bi diddigi, duk huɗun mutum ɗaya ne ya kai sabon ɗan haya. Mutumin da ke yini a shagonki."

Ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Ni kake zargi?"

"Ban so ba... wallahi ban so ba. Amma na ce ko kin gaji da talauci ne, kina jin nauyin faɗa min."

"Ni? Ni da na ƙi shi sau biyu saboda kai?"

"Ke ma ai ba yarda ce ta kawo ki nan ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Ta sauka da gudu, ta wuce Malama a tsakar gida, wadda ta ji komai tana girgiza kai.

A shago ta kasa zama kan keke. Ta faɗa kujerar masu jira, kujerar da ba ta taɓa zama a kai ba, ta yi kuka har ya ishe ta. Da ta ɗago, idonta ya sauka kan allon da ke rataye a bango.

Allon awonta ne. Tun tana koyon ɗinki aka hore ta: awon da ba a rubuta ba ɓataccen yadi ne, kuma a rubuta da kwatancen gida don kada labulen wani ya tafi tagar wani. Ga su nan da alli, cikin rubutunta mai kyau, a can sama inda ta ƙi sharewa don marmari.

Namu, bayan asibiti, koriyar ƙofa, taga uku.

Namu, layin makaranta, gida na biyu.

Namu... Namu...

Har da ɗan zanen fure a gefen kowanne. Kujerar kuwa daidai saitin allon take.

"Innalillahi..." Ta dafe kai. "Ashe ɓarawon a hannuna yake."

Sai wani tunanin ya tsinka mata zuciya. Da allo ya daina ba da labari, Dillali ya koma bin Kafinta a ƙafa. Ya san shuɗiyar ƙofa!

Ta ciro allon daga ƙusa, ta rungume shi ta fita, mutane na kallonta a titi.

Motar Dillali ta tarar a bakin shuɗiyar ƙofar. A tsakar gida yana zaune yana zuba, Kafinta na tsaye jikin bango fuska a murtuke.

"Ninki biyu, Malama," Dillali ke cewa. "Ma'aikacin kamfani ne, gobe zai shigo. Waɗannan kuwa na ga yadda ta fice da gudu ɗazu, auren ma da wuya."

"Kuɗinka bai dame ni ba," in ji Malama. "Amma ni tsohuwa ce, ba zan sa masu zargin juna a saman kaina ba."

Auta ta jingina allon a gabanta.

"Malama, ki karanta."

Tsohuwar ta gyara tabarau ta bi layi-layi da yatsa, kamar mai duba jarrabawa.

"Ni na ba shi," in ji Auta, hawaye na zuba. "Ban sani ba, amma ni ce. Yana zaune a kujerata yana kwashewa." Ta juya ga Kafinta. "Ka yi gaskiya rabi, masoyi. Daga wurina ya fita, amma ba daga zuciyata ba."

Kafinta ya durƙusa gaban allon. Ya kai yatsa kan kalmar farko, ya bi ta har ƙasa.

"Namu," ya karanta a hankali. Idonsa ya cika. "Ki yafe min, sanyin idona. Ina can ina zarginki, ke kina nan kina zana fure."

Dillali ya miƙe yana kaɗe riga. "Kasuwa ce ai. Abin da aka rubuta a fili..."

"Na yi shekara talatin ina kama masu leƙen allon wani," in ji Malama. "Ga ƙofa can."

Bayan ya fita ta dubi su biyun ta saman tabarau.

"Ke kin cika rubutu, kai ka cika shiru. Ku gyara." Ta zaro makulli na biyu daga jakarta ta miƙa wa Auta. "Kai wa babanki."

Ana saura kwana uku Baba ya hau matakalar yana haki. Ya buɗe kowace ƙofa ya rufe, ya ƙwanƙwasa katakon taga, sannan ya ce, "Aikin hannunka ne?" Kafinta ya ce e. Baba ya ce, "To a sa rana." Gwaggo ta ce ita dama tun farko ta san yaron kirki ne.

Mako guda bayan tarewarsu, rana ta shigo ta taga ta tashe su tun da sassafe. Kafinta ya kare ido da hannu.

"Yanzu fisabilillahi, matata mai ɗinkin labule, gidanmu kaɗai ne babu labule a layin nan?"

"Sau uku ina aunawa ina mantawa kafin in kai shago."

"To ki rubuta mana!"

"Allah ya kiyaye!"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauko alli a cikin kayan aikinsa ya sa mata a hannu, ya tura ƙofar ɗakin ya nuna mata bayanta.

"Rubuta a nan. Ba mai karantawa sai ni."

Ta rubuta awon taga uku. Sannan ta ƙara kalma ɗaya a sama, ta zana mata fure.