Cikon Na Goma Sha Biyar

Maren ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar ɗakin wasannin makarantar, rigar sanyinta a hannu, idon garin duka a kanta.

Mu a jihar Iowa ta Amurka ba ma ɓoye ƙuri'ar fidda gwani. Da ƙafarka za ka taka ka tsaya a kusurwar ɗan takararka, maƙwabta na kallo, har mai yi maka aski na kallo. Mutum ɗari cif suka zo a yammacin nan, kuma duk kusurwar da ba ta kai mutum sha biyar ba, watsewa za ta yi.

A dama mahaifinta ne, Orville Tollefson, manomin masara, jagoran mutanen Gwamna Lindahl mai cewa a bi gyara sannu a hankali. A hagu kuwa Emmett ne, ma'aikacin jinyar da ya tafi da zuciyarta shekara biyu ke nan, tare da mutanen Sanata Cordova mai son a sauya komai yanzu-yanzu.

Mutanen Cordova su sha huɗu ne. Mutum ɗaya tak suke nema.

Sau biyu Emmett na zuwa neman amincewar Baba kan aurenta, sau biyu yana komawa jiki a sanyaye.

"Irinsu ba sa barin mutum da ra'ayinsa," in ji Baba. "Wata shida a gidansa, ko kalar labule ba za ki ƙara zaɓa da kanki ba."

Maren kuwa ta rantse ba za ta yi auren da Baba ba zai raka ta gaban fasto ba.

Darcy ce ta fara isowa, mai ƙirgar kusurwar Cordova, wadda kowa ya san ta daɗe tana yi wa Emmett kallon nama a tukunyar wani. Ta ɗaga murya yadda kunnen Baba zai ɗauka.

"Haba Maren! Mutum ɗaya ya rage mana, ke kuma kina tsaye kamar an dasa ki? In son gaskiya kike masa ai ba sai an roƙe ki ba!"

Dabara ce mai kyau, a gaida Darcy. In Maren ta zo, maganar Baba ta tabbata. In ta ƙi, Emmett ya ji ciwo.

Sai ga Emmett ɗin ya taho, bai ma lura Baba ya matso bayansa ba.

"Darcy, koma wajen ƙirgarki."

Ya dubi Maren, ya sassauta murya.

"Zuciyata... wa kike so a ranki?"

Idonta ya kawo ruwa.

"Lindahl," ta ce a hankali. "Ba don Baba ba, wallahi. Na saurari su biyun. Ina tsoron in muka tsayar da Cordova, garuruwa irin namu su juya mana baya, mu rasa duka..."

"Ni kuma kullum ina ganin masu zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Su ba su da lokacin sannu a hankali."

"Na sani, masoyi. Shi ya sa ƙafata ta ƙi ɗaguwa."

Ya yi murmushi, duk da ta ga abin ya taɓa shi. Wata takwas ya yi yana bin gida-gida, har cikin dusar ƙanƙara, saboda wannan yammacin.

"To je ki kusurwarki."

"Za ku watse fa!"

"Mu watse. Ba zan ci zaɓe da ƙuri'ar da ba taki ba ce."

Ta juya dama tana share hawaye. Ba ta taɓa son sa kamar lokacin da take takawa tana nisa da shi ba.

"Saura minti ɗaya!" in ji shugabar taron.

Mutanen Cordova suka fara tattara kwalayensu. Darcy ta matsa kusa da Emmett tana tsaki, wai ka gani ko?

Sai Baba ya cire bajen Lindahl daga ƙirjinsa, ya danƙa wa Maren a tafin hannu.

"Riƙe min mutanena. Muna da rara."

"Baba... ina za ka?"

Bai amsa ba. Ya ratsa ɗakin da tafiyarsa ta mai ciwon gwiwa, mutum casa'in da tara na bin sa da ido, har ya je ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Emmett.

Shugabar ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Cordova, sha biyar!"

Tafi ya ɓarke a hagu. Darcy ce kaɗai ba ta tafa ba.

"Malam Tollefson..." in ji Emmett.

"Kar ka yi murna da yawa, yaro. Sanatar nan taka har gobe ban yarda da ita ba."

Ya ɗaga kai ya hango 'yarsa can ƙetaren ɗakin, tsaye inda ta zaɓa da kanta, tana kuka tana dariya.

Ya juyo ga Emmett. "Kai ne na yi wa kuskuren fahimta. Ku sa ranar bayan shuka, kafin nan gwiwata za ta iya raka ta."