Bindiga Mai Macijin Tagulla

"To wacce ce ta fi kama da ta asalin?"

Daga kicin Rekiya ta ji Tankari, maƙwabcinsu ɗan Maradi, yana tambayar mijinta Sabiru. Bindigogi uku ne Sabiru ya jere a tabarma, masu dutsen ƙanƙara, dogaye kamar adaka. Wani tsohon Bature a Kanada ke son samfuri, irin wadda fataken fatu suka riƙa musanya da maharban can a da. Duk bakinsu a toshe yake, na kallo ne kawai.

Sabiru ya ce, "Wannan. Dubi macijin tagullar. Dubi faɗin wajen kunama, don yatsa mai safa ya shiga. Lawban, mai masana'antar da ta ƙera su, ya ce da wata tsohuwar bindiga aka gwada, har ta ruɓe a hannunsu."

Ana shiga magariba ɗakin ya yi sanyi, ga shi lokacin zafi ne a Liwan, unguwar da suke zaune a nan ƙasar waje. Sai warin jiƙaƙƙiyar fata. Sai tsakuwa a gilashin taga, ƙwas, ƙwas, alhali can ƙololuwar bene suke.

Haka aka yi ta yi kowace magariba. Saffana, 'yar farinsu, ta bar cin abinci. Takan zauna kusa da bindigar tana hura hannuwanta. Rekiya ba ta faɗar sunanta saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta tsaya bakin ƙofa tana kallo. Ran da yarinyar ta ɗago ta yi magana da muryar tsoho, Rekiya ta ce a kira malami.

Malam Sharfaddeen ya zo daga shagonsa na unguwar Tianhe, a gajiye, da jakar kayan waya a kafaɗa. Ya yi alwala, ya dafa kan yarinyar, ya yi ta karatu har muryarsa ta dishe.

"Wane ne kai?"

"Na gaji, Malam. Bar ƙona ni."

"Me ka zo nema wajen 'yar mutane?"

"Gidana. A cikin waccan tsohuwar bindigar na zauna tun zamanin da ake kashe dabbobin ruwa don fatarsu. Aka kawo ni nan, aka farfasa ta. Na ga wannan, na ce ita ce. Amma sabon ice ne, ba ɗumi. Yarinyar ke da ɗumi."

"Za ka fita."

"In tafi ina? Aljanun garin nan ba sa jin maganata. Ku mai da ni ƙasar ƙanƙara. In shiga bindigar, ku tura ta. Can zan nemi wani ɗumin."

Malam ya dubi Sabiru. Sabiru ya sunkuyar da kai, ya ce, "Dama ita zan tura."

Malam ya sa aljanin ya rantse, ya sake karatu. Kunamar bindigar ta faɗa da kanta, tartsatsi ya tashi. Saffana ta yi atishawa, ta ce, "Umma, yunwa."

Washegari Sabiru ya kira Baturen a bidiyo, yana juya masa bindigar. Tsohon ya tafa hannu, ya ce bai taɓa ganin kwaikwayo irin wannan ba, a jikin bangon falonsa zai rataye ta. Sabiru na ta dariya, idonsa na kan macijin.

Rekiya ta kawo shayi. A bayan tsohon, gefen ƙofa, ta hango takalman roba ƙanana, jajaye, daidai ƙafar yarinyarta.

Ta buɗe baki. Daga uwar ɗaka ta ji ƙarar cokali a kwano, yarinyar na cin shinkafa.

Sabiru ya ce, "Lafiya dai?"

"Ba komai. Shayin zai huce."

Ta koma kicin ta kunna famfo. A ranta ta ce wannan kam, daga ita sai Allah.